Shin Ko Kun San? Haifaffiyar Kano Mai Sassaƙa da Goro, Sabulu da Ramin Ma'adinai

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan sassaƙa na duniya, wadda ake kira Nasher, wata haifaffiyar Kano ce ta ɗauke ta a zagayen 2025? Sunanta Otobong Nkanga. A Kano aka haife ta a 1974, asalin gidansu Akwa Ibom ne, ta tashi tsakanin Legas da Faris, yanzu kuma tana zaune a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam. Cibiyar sassaƙa ta Nasher da ke Dallas a Amurka ce ke ba da kyautar, da dala 100,000 a cikinta. An fara bayarwa a 2016, lokacin da Doris Salcedo 'yar Kolombiya ta ci, kuma kafin Nkanga babu haifaffen Afirka ko ɗaya da ya taɓa samu. Sai dai Kanawa kada ku yi saurin buga ƙirji. Haihuwa ce rabonku. Karatun a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife aka fara shi, aka ɗora a babbar makarantar zane ta Faris, aka ƙarasa a Amsterdam.

Ko kun san ba da gunki ta ci wannan kyauta ba? Na san inda zuciyar mai karatu ta tafi da ya ji an ce sassaƙa: mutum-mutumin siminti a tsakiyar shataletale, wanda malamai suka daɗe suna yi mana kashedi a kansa. To, ku kwantar da hankalinku. Kayan aikin wannan baiwar Allah su ne goro, sabulu, yashi, gawayi, igiya, gilashi, zare da duwatsun ma'adinai. Ba zan ɓoye muku ba, a saƙe-saƙenta da zane-zanenta akan ga jikin mutum, galibi ba kai, wani lokaci da hannaye barkatai. Amma abin da ya ɗaga sunanta tambaya ce guda da take yi wa kowane irin kaya: daga wace ƙasa aka tono ka, hannun wa da wa ka bi, wane rami ka bari a baya? Duk wanda ke zaune a Sabon Garin Keffi, a jihar Nasarawa da ta rubuta wa kanta kirarin gidan ma'adinai a jikin lambar mota, bai kamata wannan tambaya ta zame masa baƙuwa ba.

Mu fara da goro, tunda da shi ake buɗe kowace magana ta arziki.

Shin ko kun san a 2012 ta shirya wani aiki wanda gaba ɗayansa zaman cin goro ne? Ta kafa tebura, ta jera goro da hotuna da takardu, ta rataye wani tulun gilashi da ruwan goro ke ɗiga daga cikinsa a kan farar takarda yana rina ta sannu a hankali. Ita kuma ta zauna. Mai kallo ya zo ya zauna gabanta, ta sa wuƙa ta tsaga goro, ta miƙa masa ɓari, su ci, su yi hira a kan inda wannan ɗan itace ya fito da inda ya je. Bature ya ciza, ɗaci ya game masa baki, ya daure, can sai ya ji zaƙin da ke biyo baya. Ka ce wannan ai abin da ake yi ne kullum a bakin tasha da wurin ɗaurin aure, kuma gaskiyarka. Bambancin shi ne ita ta sa mutane sun tsaya sun bi sawun abin da ke bakinsu.

Sawun kuwa doguwar hanya ce, kuma kakanninmu ne suka taka ta. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, amma babu inda ake cin sa kamar nan. Fatake ne, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka riƙa kora ayarin jakuna daga Kano zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga a arewacin Gana ta yau, su dawo da huhunan goro bayan watanni. Alhassan Ɗantata ma da fataucin goro ya kafa arzikinsa kafin gyaɗa. Kuma ko kun san a 1886, a birnin Atlanta, wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya sa ruwan goro cikin abin shan da ya zama Coca-Cola? Rabin sunan nan na biyu na goro ne. Manomin da ya dasa bishiyar da falken da ya sha rana ba su samu ko anini daga wannan suna ba.

Sai sabulu. Ko kun san akwai wani gagarumin baje-kolin fasaha da ake yi a garin Kassel na Jamus sau ɗaya a shekara 5, ana kwana 100 ana yi, wanda aka fara a 1955? Sunansa documenta, kuma duk mai fasahar da aka gayyata can ya san ya shiga sahun manya. A 2017 aka raba shi tsakanin Kassel da Atina ta Girka, Nkanga kuwa ta je da aikin da ta kira Carved to Flow. A Atina ta buɗe wurin dafa sabulu, aka haɗa mai iri 7 daga ƙasashen bakin Bahar Rum, Gabas ta Tsakiya da Afirka, ciki har da man zaitun da man kaɗanya, aka zuba gawayi, sabulun ya fito baƙi kamar dutse. Aka kwashi dubban sanduna zuwa Kassel, aka jera su hasumiya-hasumiya, irin jerin da masu sabulun Halab ta Siriya ke yi don ya sha iska ya bushe. Wasu mutane suka riƙa yawo da shi suna sayarwa, amma sai ka tsaya ka ji tarihin abin da ke cikinsa tukuna.

Kullum hasumiyar tana raguwa. Wanda ya saya ya kai gida ya yi wanka, aikin fasaha ya bi rariya. Kuɗin kuma bai tsaya a aljihunta ba: da shi aka tallafa wa wani ɗakin fasaha a Atina mai suna Akwa Ibom, da wata gidauniya mai gona a Akwa Ibom ta Najeriya. A ganina wannan ne aikinta mafi wayo. Kasuwar fasaha ta ginu ne a kan abin da attajiri zai saya ya kulle, ya jira farashi ya hau. Ita ta ba su abin da ke narkewa. Matan da ke dafa sabulun salo da toka da alayyadi a bayan gida za su fi wani farfesa saurin gane abin da ta yi.

A gurguje: ko kun san a tsakanin 2007 da 2008 ta ɗebi yashin bakin teku daga Holan ta kai Najeriya, ta ɗebo na Najeriya ta mayar Holan? Ƙasa ta ƙetare iyaka cikin jaka, a zamanin da mai ƙasar ke kwana a layin biza.

Yanzu ga wanda ya fi shafar mu. Shin ko kun san ƙyalƙyalin da ke cikin hoda da jan-baki da fentin mota, da yawansa daga wani dutse ake samun sa, mai ɓarewa falle-falle, wanda ake kira maika? A 2014, a baje-kolin Balin, Nkanga ta kafa wani aiki a kan wannan dutse da 'yan uwansa: teburan ƙarfe, saƙaƙƙun zannuwa biyu manya, ɗanyen ma'adini a gefe, kayan kwalliyar da aka yi da shi a ɗaya gefen. Tana so mai kallo ya haɗa fuskar amarya da hannun mai haƙa a kallo ɗaya. Mu ma muna da namu misalin a cikin tandu. Kwallin gargajiya da iyayenmu mata ke niƙawa su rambaɗa, dutse ne, kuma sau da yawa dutsen darma ne. Darmar nan ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ƙura tana sauka a kan tabarma da kwanon tuwo. Zinariyar ta tafi kasuwa, ƙurar ta zauna.

Ko kun san a Namibiya akwai wani gari, Tsumeb, da ya taɓa mallakar tudu kore shar? Koren na ma'adinin jan ƙarfe ne da ya fito fili. Mutanen wurin sun daɗe suna ɗiba kaɗan-kaɗan suna narkarwa suna ciniki. Bayan Jamusawa sun mamaye ƙasar, a farkon ƙarni na 20 kamfaninsu ya sa injina ya cinye tudun, ya bi shi har can ƙarƙashin ƙasa. An rufe mahaƙar a 1996. Kyawawan duwatsun Tsumeb suna nan jere cikin akwatunan gilashi a gidajen tarihi na Turai da Amurka, kowanne da lambarsa da sunansa. Inda tudun yake kuwa, wawakeken rami ne. A 2015 Nkanga ta je wurin, ta tsaya a bakin ramin da duwatsu a kanta, tana yi masa waƙa, aka ɗauki bidiyo. Hujjarta ita ce duk wani dogon gini ko abin tarihi da aka tsayar a wani wuri, akwai ramin da aka bari dominsa a wani wurin, kuma ramin ma ya cancanci a zo a gaishe shi.

To, jama'ar Keffi, sai mun je Namibiya? Tun da aka yanke Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996 ake lissafa mana arzikinmu: barayit a Azara, gishiri a Keana da Awe inda mata ke tatsar sa daga ƙasa tun kaka da kakanni, kuza da kolumbayit a Udege, dutsen mabul a Toto, duwatsu masu daraja a nan kewayen Keffi da Nasarawa Eggon. Yanzu kuma ga litiyam, wanda ake yin batirin waya da na mota mai lantarki da shi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta kamfanin Avatar na 'yan Sin a ƙaramar hukumar Nasarawa. A Disambar shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da rahoto daga ƙauyen Pasali, inda ya nuna ƙananan yara suna tsintar dutsen a ramukan da ba su da lasisi maimakon zama a aji. Mai gyaran waya a Sabon Gari, idan ya ɓalle bayan waya ya ciro batiri, zai yiwu dutsen da ke ciki ya taɓa wucewa ta gabansa a bayan tirela, ya je ya zaga duniya ya dawo masa da tsada. Wanda kuma ya taɓa bin hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, ruwa shiru mai zurfi, wanda ke cin dabba da mutum har gobe. Da za a kawo aikin Tsumeb a nuna a nan, ba a buƙatar tafinta.

Bari mu leƙa matsayinta a tsakanin takwarorinta. Shin ko kun san baje-kolin Benis na Italiya, wanda aka fara a 1895, shi ne uban duk irin waɗannan taruka? A 2019 alƙalansa suka ba Nkanga yabo na musamman. Cikin abin da ta nuna akwai wata doguwar jijiya ta gilashi da dutsen mabul, fiye da mita 20, kwance a ƙasa tana lanƙwasa kamar kogi da aka gurɓata. A shekarar nan kuma ta raba kyautar baje-kolin Sharja da Emeka Ogboh, ta kuma zama ta farko da aka ba kyautar Lise Wilhelmsen a Norwe. Kafin nan ta ci ta Yanghyun a Koriya ta Kudu a 2015 da ta Beljiyam a 2017. A Oktoban 2024 gidan fasahar zamani na MoMA a New York ya ba ta babban zaurensa na tsakiya, ta rataye saƙa tun daga sama har ƙasa, da igiyoyi da ƙwallayen gilashi da na yumɓu, ga muryoyi suna tashi. Saƙe-saƙen nan ba a masaƙar hannu ake yin su ba. A garin Tilburg na Holan ake saƙa su, da injin da kwamfuta ke sarrafawa, ita tana tsaye tana zaɓen zare.

A nan nake da ɗan ƙorafi. Aikin da ke magana a kan ramukan Afirka, a Turai ake saƙa shi, a Turai da Amurka aka fi kallonsa, masu kuɗin can ne ke sayensa. Ita ma kanta, in an duba, ɗaya ce daga cikin abubuwan da aka haifa a nan suka yi daraja a can. Ban ɗora mata laifi ba, don mai sana'a inda ake sayen kayansa yake kai su. Amma kada a yi mana kamar babu wannan giɓin.

Ko kun san ba ita kaɗai ba ce ta bi da sassaƙa ta wannan hanya? El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, da marafan kwalabe yake aiki. A baje su, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, su zama wani makeken mayafi mai walƙiya da ke rufe bango guda. An ba shi kyautar Zakin Zinariya ta Benis a 2015 don aikin rayuwarsa, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern na Landan. An sayar da aikinsa guda fiye da dala miliyan 1 a gwanjo. 'Yan gwangwan da ke bin unguwa da kura suna sayen ƙarfe da roba, ku ji fa abin da ake yi da irin kayanku.

Arewa ma tana da hannu a tushen abin. A Zariya, a 1958, wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon zanen Ingila kawai ba, sai sun haɗa da na gida. Daga wannan tawaye fasahar zamani ta Najeriya ta samu alƙibla. Sannan ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Matar da ke durƙushe tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali, wadda ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, mace ta farko a wurin. Ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwaninta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ba ta yi boko ba.

Wani abin mamaki: Najeriya ba ta kafa rumfarta ta ƙasa a baje-kolin fasaha na Benis ba sai 2017, shekara 122 bayan fara shi, alhali ɗan Najeriya, Okwui Enwezor, ya riga ya shugabanci taron gaba ɗaya a 2015.

Na ƙarshe, kuma a ƙofar gidanmu yake. Shin ko kun san sassaƙe-sassaƙe mafi tsufa da aka sani a duk Afirka ta Yamma, masu haƙar kuza ne suka fara tono su? A 1928, a ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba ta Kudancin Kaduna, arewa da Keffi, leburori suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba a ba shi muhimmanci ba. Sai a 1943 aka kai wa wani jami'in mulkin mallaka mai ilimin tone-tone, Bernard Fagg, wani kan da aka samo a wajen Jama'a. Wanda ya tsince shi ya kafa shi ne a gonar doya yana korar dabbobi da shi, har shekara guda. Fagg ya ga kamarsu ɗaya da na Nok, ya shiga bin mahaƙa yana roƙon kada su fasa abin da suka tono, kuma abin da aka tara ya zama harsashin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Masana daga Jami'ar Frankfurt da suka fara tono a yankin a 2005 sun nuna cewa an soma gina waɗannan siffofi kusan ƙarni 9 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An kuma samu makamantansu a ƙasar Katsina da ta Sakkwato.

Da duniya ta san darajarsu, sai aka koma haƙar su kamar yadda ake haƙar kuza. A shekarun 1990 ƙauyuka suka cika da ramuka, dillalai suna saye a ɓoye suna fitarwa ta iyaka, duk da dokar da ta hana. A shekarar 2000, da aka buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre a Faris, sai ga guda 3 a ciki, biyu na Nok, ɗaya na Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam. Aka yi ta cece-ku-ce. A 2002 aka sasanta: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Ku yi lissafin da kanku, wa'adin yana faɗawa a 2027.